Ledian mai hannu huɗu ba kisa: ta wace hanya za a gyara shi?

Kusan mako guda aka yi a fadarmu ta Sabon Gari, nan Damagaram, ana gardama a kan ƙwaro ɗaya. Ƙanena da abokinsa ne ke gyaran Pokémon Emerald, irin gyaran nan na masoya wasa: a buɗe cikinsa, a sauya abin da bai yi ba, a fitar da faci wanda kowa zai liƙa wa nasa ya buga a waya. Sun zuba Ledyba a ciyawar farkon tafiya don a ga baƙuwar fuska, amma duk wanda suka ba ya gwada, yana kama shi sai ya jefa shi akwati ya manta da shi. Ana zuba shayi na biyu yaron ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubo mana. Mu cire shi kawai, ko akwai magani?" Na ce magani har huɗu ne, sai dai ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ledian shi ne abin da Ledyba ke rikiɗa ya zama a mataki na 18. Ya fara fitowa a Gold da Silver, shekarar 1999. Waɗanda suka taso da wasan na Faransanci sun san shi da Coxyclaque, ƙaraminsa kuma Coxy. Ja ne mai baƙin ɗigo a baya, tsaye kan ƙafa biyu, hannu huɗu kowanne a dunƙule kamar an naɗa masa kara zai shiga dambe. Don sauƙin magana, abin da wasan ke kira Attack zan ce masa damtse, Special Attack kuma asiri. Kariyarsu ita ce taurin jiki da tsari. To ga alƙalumansa: jini 55, damtse 35, taurin jiki 50, asiri 55, tsari 110, sauri 85. Jimla 390.

Wannan 35 ɗin ita ce abin dubawa. Pidgey, ɗan tsuntsun da ake kamawa a bakin gari, 45 gare shi. Rattata 56. Ga shi kuma an cika wa Ledian hannu da naushi iri-iri: Comet Punch, Mach Punch, Drain Punch, Thunder Punch, Ice Punch. Da Black da White suka zo da ɓoyayyar baiwa a 2010, sai aka ba shi Iron Fist, wadda ke ƙara wa kowane naushi kashi 20 cikin 100. Gishiri aka ƙara wa miyar da ba nama. Ba ƙarancin jimla ne ciwonsa ba, don Azumarill da 420 kacal yake kayar da manya. Ciwon shi ne siffarsa da dabarunsa na cewa ɗan dambe ne, alƙalumansa kuma na cewa mai riƙe wa ƴan dambe ruwa ne. Duk maganin da bai sasanta waɗannan biyun ba, kwalliya ce kawai.

Akwai tambaya ɗaya da ke gaban komai: a kan wane tushe ake ginin? A asalin Emerald da FireRed na 2004 babu Iron Fist sam, sai a Diamond da Pearl ta zo, 2006. Kuma a wancan zamani jinsin duka ne ke yanke ko na damtse ne ko na asiri, ba dukan kansa ba. Duk abin da yake na wuta, ruwa, ciyawa, lantarki ko ƙanƙara, asiri ne, ko da naushi ne. Ke nan Thunder Punch da Ice Punch da 55 suke aiki, dukan ƙwaro da na masu tashi kuma da 35. Wanda ke aiki da kayan gyara na masoya wasa, wato pokeemerald-expansion ko CFRU a kan FireRed, ya samu rabe-raben zamani, inda dukan kansa ke yanke ko na damtse ne ko na asiri, da sababbin baiwa a shirye. Yaranmu a kan na farkon suke, don haka da shi nake lissafi. Abin lura gare mu ƴan Nijar: waɗannan kayan aiki a kan wasan Ingilishi aka gina su, CFRU ma sai FireRed na Amurka bugun 1.0. Wanda ya liƙa irin wannan faci a kan na Faransanci, ba zai yi masa aiki ba.

Magani mafi arha shi ne taɓa alƙaluma. A buɗe fayil ɗin species_info, a nemo layin Ledian, a goge 35 a rubuta wata lamba, a sake haɗa wasan. Mai amfani da HexManiacAdvance a kan Windows ma ko haɗawa ba ya yi, cikin akwati yake rubutawa. Kafin shayi ya huce an gama. Game Freak, masu ƙera wasan, da kansu sun yi haka a Sun da Moon, 2016: suka ɗaga damtsen Farfetch'd daga 65 zuwa 90, suka ƙara wa Masquerain asiri daga 80 zuwa 100 da sauri daga 60 zuwa 80. Amma Farfetch'd bai tashi daga inda yake ba. Sai da aka yi masa sabuwar siffa da Sirfetch'd a 2019 kafin a waiwaye shi.

Ga yadda lambar ke aiki. A mataki na 100, idan halittar ta zo da cikakken gadon damtse (IV), an cika horo a kansa, kuma halinta bai ƙara ba bai rage ba, sai a ninka lambar tushe biyu a ƙara 99. Ledian na yanzu 169 ke nan. In aka mai da shi 90, ya koma 279. Bambanci ne mai yawa, kuma mai wasa zai ji shi a hannunsa tun daga karon farko. Haɗarin yana wajen zari. Ledian yana kammala girma a mataki na 18, lokacin da Combusken, Grovyle da Marshtomp, rikiɗar halittun da ake fara wasan da su, ke tsakiyar tafiya da jimla 405 kowanne. Abokin ƙanena so ya yi a ba shi 500 cif. Na ce masa ai ka ɗauko ɗan kokowar da ke neman takobi a filin Langa-Langa ka sa shi gasar yaran unguwa. Zai share rabin wasan shi kaɗai, sauran halittun da kuka sha wahalar zubawa su zama ƴan kallo. Abin da ya fi shi ne a kwaso daga inda ba a amfani: asirinsa 55 ba ya tsinana masa komai, a ɗebi 20 a can. Duk da haka alƙaluma kaɗai ba sa taɓa matsala biyu. Jinsinsa ƙwaro ne mai tashi, dutse na cin sa ninki huɗu, Stealth Rock kuwa, tarkon duwatsun da abokin gaba ke shimfiɗawa, rabin jininsa take kwashewa yana shigowa fili. Kuma ko ɗaya daga cikin naushinsa ba na jinsinsa ba ne.

Wannan ne ya kawo mu magani na biyu, wanda ni a wurina ya fi kowanne nauyi: a sauya masa jinsi, daga ƙwaro mai tashi zuwa ƙwaro mai faɗa. Dokar wasan ita ce duk dukan da ya dace da jinsin mai yin sa yana ƙaruwa da rabi. Drain Punch ƙarfinsa 75 ne. A hannun Ledian na yau, da Iron Fist, ya zama 90. A hannun Ledian mai faɗa ya zama 135, ga shi yana tsotso rabin ɓarnar da ya yi ya mayar jini. Mach Punch mai 40, wanda ke riga kowa fita, ya koma 72. Dutse ya daina yi masa ninki, domin raunin ƙwaro da juriyar mai faɗa sun kashe juna, Stealth Rock ta dawo ɗaya cikin takwas. Duk wannan da sauya kalma ɗaya a fayil.

Hanyar da ta fi nuna bambancin ita ce a bi sarakunan fagen Emerald ɗaya bayan ɗaya. Da jinsinsa na da, a gidan Roxanne mai duwatsu ba ya ko leƙawa. A gidan Brawly yana jure duka amma ba ya ramawa. Wattson mai lantarki ya ci shi, Flannery mai wuta ta ci shi, Winona mai tsuntsaye ta ci shi. Huɗu cikin shidan farko ke nan. Da sabon jinsi, lantarkin Wattson ya daina yi masa ninki, shi kuma naushinsa na yi wa Magneton ninki biyu saboda ƙarfe ne. A gidan Norman shi ne gwani. Flannery har yanzu tana ƙona shi, Tate da Liza masu ƙarfin tunani sun zama masa sabon ciwo, Winona kuwa ninki huɗu take yi masa yanzu. Haka ya kamata halitta ta kasance: akwai gidan da take da baki, akwai gidan da za a bar ta a aljihu.

An yi mini ƙorafi biyu a fada. Na farko, wai ai yana da fiffike, yaya za a ce ba mai tashi ba ne? Beedrill, Venomoth da Dustox duk fiffike gare su, kuma ba wanda aka rubuta wa jinsin tashi. Wannan ba gardama ba ce. Ƙorafi na biyu shi ne mai ƙarfi: Heracross, wanda ƴan Faransanci ke kira Scarhino. Shi ma ƙwaro ne mai faɗa, sa'an Ledian ne daga Gold da Silver, saurinsu ma ɗaya, 85, amma damtsensa 125, jimlarsa 500, yana da Megahorn da Close Combat masu 120 kowanne. In aka sauya jinsi aka tsaya nan, an ƙera ƙaramin Heracross ne kawai, kuma ba wanda zai bar jaki a gida ya ɗora kaya a kan akuya. Sannan an rasa wani abu na gaske: mai tashi dukan ƙasa ba ya taɓa shi, yanzu Earthquake zai same shi, ko da rabin ƙarfi ne. Wasu kan kauce wa Heracross su mai da shi mai tashi mai faɗa, irin Hawlucha. Lissafin ya yi, amma an cire masa ƙwarontakarsa, ni kuma ban ga Ledian a ciki ba.

Magani na uku, baiwa, shi ne mai ruɗi. Tarihin wasan ya nuna baiwa ɗaya na iya ɗaga wanda aka raina. Pelipper ba kowa ba ne sai da aka ba shi Drizzle a 2016, ya riƙa saukar da ruwan sama yana shigowa. Torkoal ma haka da Drought, mai kawo zafin rana. Shi ya sa kowa ke rugawa ga Huge Power, baiwar Azumarill mai ninka damtse biyu. A yi lissafi: 169 sau biyu, 338, daidai da halitta mai tushen kusan 120. Ba a taɓa ko lamba ɗaya ba, ga shi ya kusa kamo Heracross. Sai dai Iron Fist ta tafi, wato abin da ya haɗa shi da hannayensa huɗu. Kuma tarko ne ga mai gyara. Ranar da wani a cikinku ya manta ya ɗaga damtsen zuwa 60, sakamakon 438 ne, tushen kusan 170, ya wuce Slaking mai 160. Ƙwaron da ake kamawa a bakin hanya ya fi dodon Norman duka.

Akwai wata fuskar wannan maganin da na fi girmamawa, ko da yake ban zaɓe ta ba: a yarda cewa shi mai riƙe ruwa ne, a gyara shi ya iya aikin. Tsarinsa 110 ne, yana koyon katangun kariya Reflect da Light Screen, da kuma Encore da Baton Pass. A ba shi Prankster, duk dabarar da ba duka ba ta riga fita, ya riƙe Light Clay katangun su kai zagaye 8 maimakon 5. A gyararren wasa mai tsanani irin Radical Red, inda kowane sarkin fage ke zuwa da cikakken shiri, irin wannan halitta tana da daraja. Amma yaran da za su buga na ƙanena a waya, suna jiran kabu-kabu ko suna zaune bakin shago, duka suke so su gani. Ba mai ɓata zagaye biyu yana kafa katanga don ya kashe Zigzagoon. Kuma Volbeat da Illumise sun riga sun zauna a wannan kujera da Prankster ɗinsu.

Wani ya kawo shawarar Skill Link, don Comet Punch ya riƙa sauka sau biyar kullum. 18 sau biyar, 90. Ya dace da mai hannu huɗu, ya kuma ba da dariya, amma dukan gama-gari ne, ba ya taɓa fatalwa, kuma sau 85 cikin 100 yake samu. Ƙirƙiro sabuwar baiwa daga tushe kuwa sai wanda ya iya rubuta C ya shiga injin faɗan wasan, inda kuskure ɗaya ke daskarar da allo a tsakiyar karo.

Magani na huɗu shi ne wanda ke sa ido ƙyalli: a yi masa rikiɗa ta uku, ko siffar Mega. Misalin da kowa ke kawowa Beedrill ne. A Omega Ruby da Alpha Sapphire, 2014, jimlarsa ta tashi daga 395 zuwa 495, damtse daga 90 zuwa 150, sauri daga 75 zuwa 145. A lura, 100 kawai aka ƙara masa. Sauran 30 ɗin daga asirinsa aka kwaso, aka sauke shi daga 45 zuwa 15. Su ma masu wasan daga ɗakin da ba a kwana suke kwashe kaya. Dunsparce shi ma sai 2022 ya samu Dudunsparce. Amfanin wannan hanya a fili yake: tana warware matsalar mataki na 18, domin ƙarfin sai can gaba zai zo, a 36 ko 40, lokacin da kowa ya girma.

Kuɗinta ne ba kowa ke iya biya ba. Sabuwar halitta a Game Boy Advance na buƙatar zanen gaba da na baya, kowanne ɗigo 64 a tsaye 64 a kwance, da launi 16 kacal wanda ɗaya daga ciki na bango ne da ba a gani. Sai launin mai ƙyalli, sai ɗan hoton jerin tawaga, sai kuka, sai bayanin Pokédex, sai jerin dabarun da zai koya. Emerald kuma zanen gaba motsi yake, hoto biyu ke nan. In Mega ce, sai an ajiye dutsenta a wani wuri cikin taswira, an kuma tsara inda mai wasa zai samu abin kunna ta. Yaranmu kwamfuta ɗaya gare su su biyu, batirinta ya gaji, ga zafin Afrilu da Mayu da ɗauke wuta. Aikin minti biyar ya koma na makonni. Kuma zane mara kyau ba ya ɓuya. Yana tsayawa kusa da na Game Freak kowa zai gane baƙo ne. Ɗauko zanen wani a intanet ba izini ba ambaton sunansa kuwa, a cikin masu wannan sana'a abin kunya ne da ba a mantawa. Bayan duk wannan, Ledian ɗin kansa yana nan yadda yake: daga 18 zuwa 36 mai wasa zai yi ta jan gurgu, kuma yawanci kafin a kai can an riga an jefa shi akwati.

Abin da na ce su yi shi ne su haɗa na farko da na biyu, su bar sauran. Ledyba ya zauna ƙwaro mai tashi, a ɗaga damtsensa daga 20 zuwa 40 don ya iya kai kansa mataki na 18. In ya rikiɗa ya zama ƙwaro mai faɗa. Sauya jinsi wajen rikiɗa ba baƙon abu ba ne, Scyther na yi in zai zama Scizor. Alƙaluman Ledian su koma jini 65, damtse 90, taurin jiki 50, asiri 35, tsari 110, sauri 95, jimla 445. Iron Fist ta fito daga ɓoye ta maye gurbin Early Bird. Da haka naushinsa na aiki kamar 335, Heracross na da 349, kusa amma bai kai ba. Inda za su rabu shi ne dabaru: kar a ba Ledian Close Combat ko Megahorn ko da wasa. A ba shi Mach Punch yana rikiɗa, Drain Punch wajen mataki na 30, U-turn, da naushin lantarki da na ƙanƙara daga baya. Heracross ya zama mai kisa da duka ɗaya, Ledian kuma mai zafin nama, ya riga ka, ya tsotsi jini, ya jure asiri, ya zame ya fita. Taurin jikinsa na bar shi 50 da gangan, don a samu inda za a kama shi.

Wanda ke gini a kan asalin Emerald ba tare da rabe-raben zamani ba, sauya jinsin ya fi zame masa dole, tunda dukan faɗa da na ƙwaro duk na damtse ne a can, sai ya ƙara lambar ta kai 95 ko 100 don rage giɓin rashin Iron Fist. Wanda ke yin wasa mai tsanani don gwanaye, hanyar Prankster ta fi masa, ya bar jinsin yadda yake. Wanda Allah ya ba abokin da ya iya zanen ɗigo, ya yi gyaran nan tukuna, rikiɗa ta uku ta biyo baya a bugu na gaba.

Sun haɗa wasan da daddare bayan wuta ta dawo, suka fara sabon ajiya don kar tsohon ya rikita gwajin. A mataki na 22 Mach Punch biyu ne, wani lokacin uku, ke kayar da Magneton na Wattson, Manectric kuwa sai da Marshtomp ya shigo ya taimaka. A gidan Winona, Aerial Ace ɗaya Altaria ya yi masa ya faɗi. Ƙanena ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ko mu ƙara masa taurin jiki kaɗan?" Na ce ya bar shi haka, ya sa Ledian a aljihu ya fito da Manectric ɗinsa. Yanzu gardamar fada ta koma kan Sunflora, mai asiri 105 da sauri 30.